Layi Uku Bayan An Sha Kaye

Duk inda aka yi gasa, walau ta dambe ko ta kokawa ko ta ƙwallo, wanda ya yi nasara ba ya rasa mawaƙi. Tun kafin gumin jikinsa ya bushe za a ga makaɗa sun kewaye shi, 'yan jarida na rububin ɗaukar hotonsa, har waɗanda jiya ba su san sunansa ba yau sun zama danginsa. To, amma wanda aka kayar fa? Shi galibi abin da ke bin sa zambo ne da habaici, in kuwa an tausaya masa sai a ce ya yi haƙuri, wata rana sai labari. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa shi ne wata 'yar al'ada da muka tsinta a inda ba mu zata ba, wato a tsakanin magoya bayan ƙwallon jami'o'i na ƙasar Amurka. Su waɗannan mutane, in aka ci ƙungiyarsu a wasan ƙarshe na cin kofi, wasu daga cikinsu sukan zauna su tsara 'yar gajeriyar waƙa mai layi uku, irin wadda Japanawa ke kira haiku, su riƙa miƙa wa juna kamar yadda ake miƙa goro a zaman makoki.

Mun san da wannan al'ada ne ta hannun wani tsohon ɗalibinmu da ya tafi karatu jihar Jojiya. A farkon shekarar 2018 ya turo mana irin waɗannan waƙoƙi kimanin talatin, waɗanda abokan karatunsa da maƙwabtansa suka rubuta, ya haɗa da ɗan gajeren saƙo: "Malam, ga irin abin da kake so, mutanen garin nan kuka suke yi da lissafi." Tun daga ranar maganar ke yi mana yawo a zuci, domin kuwa mu malamai ne, kuma rabin aikin malami shi ne zama da yaran da abin da suka sa wa rai ya kuɓuce masu.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san cewa wannan ƙwallo ba irin wanda muka saba gani ba ne. Shi ƙwallon Amurka dogo ne kamar gwanda, kuma da hannu aka fi sarrafa shi. Kowane ɓangare na da mutum 11, filin kuwa tsawonsa yadi 100 ne, yadi irin wanda tela ke aunawa. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta matsa gaba da yadi 10, in ta samu a sake ba ta wasu huɗun, in ta kasa ƙwallo ya koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai ƙwallo gidan ƙarshe ya sami maki 6, wanda ya buga shi da ƙafa ya ratsa tsakanin turaku biyu ya sami maki 3. Tun shekarar 1869 jami'o'in Amurka ke karawa da juna, lokacin da Rutgers da Princeton suka fara, kuma abin ya bunƙasa har ya kai filin wasan Jami'ar Jojiya da ke garin Athens yana ɗaukar mutum fiye da 92,000. A can mutum yakan gaji ƙungiya kamar yadda ake gadon gona. Kaka ya yi karatu a jami'ar, uba ya yi, jika kuma tun yana goye ake sa masa riga ja da baƙi.

Yanzu sai mu zo ga daren da ya haifi waƙoƙin. Ranar Litinin, 8 ga Janairu, 2018, aka yi wasan ƙarshe na cin kofin ƙasa tsakanin Jami'ar Jojiya da Jami'ar Alabama a birnin Atlanta, wato a cikin jihar Jojiya kanta. Rabon Jojiya da wannan kofi tun kakar wasa ta 1980, shekara 37 ke nan, saboda haka akwai magidanta masu furfura a cikin 'yan kallo waɗanda a labari kawai suka san daɗinsa. Mako guda kafin nan sun doke Oklahoma da ci 54 da 48 bayan ƙarin lokaci har sau biyu, don haka zukata sun cika da sa rai. Da aka tafi hutun rabin lokaci Jojiya na da maki 13, Alabama ko ɗaya. Ganin haka sai mai horar da Alabama, Nick Saban, ya yi kasadar da ba kowa zai yi ba. Ya zaunar da madugun 'yan wasansa, Jalen Hurts, wanda shi ke jefa ƙwallo duk tsawon kakar, ya sako wani yaro ɗan shekara 19, ɗan aji ɗaya, bahago, mutumin tsibirin Hawai, mai suna Tua Tagovailoa. Duk da haka Jojiya ta kai maki 20 Alabama na da 7. Daga nan ruwa ya fara ƙare wa ɗan kada. Alabama ta yi ta rage tazara har aka yi kunnen doki, 20 da 20, kuma a daƙiƙar ƙarshe ta sami damar bugun da zai ba ta kofin, ƙwallo ya bauɗe. Mutanen Jojiya suka ce lallai yau rabonsu ya rantse.

A ƙarin lokaci mai bugun Jojiya, Rodrigo Blankenship, ya ci maki 3 daga nisan yadi 51. Da Alabama ta karɓi ƙwallo, a damar farko aka kama yaron nan Tua aka maka shi da ƙasa, aka mai da su baya da yadi 16. Ya zama suna kan dama ta biyu, kuma sai sun ci yadi 26 kafin a sake ba su wasu damar. A daidai wannan lokaci babu wanda zai ga laifin ɗan Jojiya in ya fara tunanin inda za a yi shagali. Sai yaron ya tashi, ya karɓi ƙwallo, ya wurga shi nisan yadi 41, wani ɗan aji ɗaya ɗan'uwansa, DeVonta Smith, ya cafe a guje ya faɗa gidan ƙarshe. Alabama 26, Jojiya 23. Tsakanin murna da makoki bai fi minti ɗaya ba.

To, me mutum zai ce bayan irin wannan? Da muka zauna muka karanta waƙoƙin nan talatin, abin da ya fara ba mu mamaki shi ne ƙarancin zagi a cikinsu. Akwai biyu ko uku da suka yi wa alƙalan wasa tsiya, wannan kam ba a rasawa. Amma mafi yawansu kan ƙananan abubuwa suka tsaya. Wani ya yi magana kan hular da ya saya da tsada ya bar ta a kan kujera. Wata ta yi kan mahaifinta da ya kashe talabijin bai ce uffan ba, ya fita duba ko an kulle ƙofa. Wasu sun ambaci karen nan mai murtukakkiyar fuska da jami'ar ta ɗauka a matsayin tambarinta, wanda ake kira Uga, da shingen shuke-shuke da ya kewaye filin wasansu. Da yawa kuma sun yi ta juya lambar nan ta dama ta biyu da yadi 26, wadda in aka faɗe ta da Turanci gaɓa shida ce, saura gaɓa ɗaya ta cika layin tsakiya, sai kowa ya liƙa mata kalmar da ta dace da zafin da yake ji.

Ita dai haiku asalinta buɗin wata doguwar waƙa ce da mawaƙan Japan ke haɗuwa su tsara tare, wannan ya kawo baiti wancan ya ɗora. Matsuo Basho, wanda ya rayu daga 1644 zuwa 1694, shi ya ɗaga darajar wannan buɗi, sannan a ƙarshen ƙarni na 19 Masaoka Shiki ya tsai da ita da ƙafarta, ya kuma yaɗa sunan haiku. Ƙa'idarta awo 17 ne, an kasa su 5 da 7 da 5. Ana son a sami kalmar da ke nuna yanayin shekara, sannan a sami wurin da aka yanke magana biyu, a ajiye hoto kusa da hoto a bar mai karatu ya haɗa su da kansa. A nan akwai abin da zai ba manazarcin waƙar Hausa sha'awa. Japanawa ba gaɓa suke ƙirgawa ba, nauyin sauti suke aunawa, dogon wasali biyu ne a wurinsu. Wannan ya yi kusa da yadda muke raba gaɓa mai nauyi da marar nauyi in muna yanka karin waƙa. Alal misali, kalmar gida gaɓa biyu ce, amma a ma'aunin Japanawa uku za ta ba da, domin wasalin ƙarshe dogo ne. Shi ya sa gaɓa 17 na Turanci sukan fi haikun Japan tsawo, har mawaƙan haiku da dama a Amurka suka daina bin wannan ƙidaya. Su kuwa magoya bayan ƙwallo suna nan riƙe da 5 da 7 da 5, saboda haka aka koya masu a firamare, suna ƙirgawa da yatsu.

Mu a ganinmu a cikin wannan ƙirge da yatsu maganin yake. Mutumin da ransa ya ɓaci, in aka sakar masa baki, zai yi ta zuba har ya faɗi abin da gobe zai ji kunyarsa, kuma magana zarar bunu ce. Amma in aka ce masa gaɓa biyar kawai gare ka a layin farko, dole ya tsaya. Zai ɗauko kalma ya ga ta yi tsawo, ya ajiye, ya nemo wata. Zai tambayi kansa, a cikin duk abin da ya faru daren nan, wanne ne ya fi ci mini rai? Kafin ya gama layi na uku numfashinsa ya daidaita, baƙin cikin da ya cika ɗaki ya dawo ɗan abin da za a iya riƙewa a tafin hannu a duba. Ciwon yana nan, sai dai yanzu mai shi ya san girmansa da iyakarsa.

Domin mu gwada abin da kanmu, mun sa kanmu a matsayin mutumin Athens a wannan dare. A jami'ar akwai tsohuwar ƙararrawa a bayan ɗakin ibadarsu, wadda ɗalibai ke kaɗawa duk ranar da aka yi nasara. Ga abin da muka samu, bisa ƙidayar gaɓa:

Daren Janairu,
igiyar ƙararrawa
sai iska ke ja.

Da muka ga wannan ta yi sanyi da yawa, sai muka sake wata mai ɗan yaji, tun da a gidansu aka ci su:

Tuwon nasara
mun tuƙa tun da rana,
baƙi suka ci.

Ita wannan ta biyun, in za a bi ƙa'ida, sunanta senryu. Tsarinsu ɗaya da haiku, sai dai ita ba ruwanta da yanayin shekara, halin ɗan Adam take yi wa dariya. Mafi yawan abin da magoya bayan ƙwallo ke rubutawa a wannan aji yake, ko da su haiku suke kiransa.

Shan kaye ma iri-iri ne, kuma kowanne da irin waƙar da yake haifarwa. Ranar 9 ga Janairu, 2023, Jojiya ce ta tsaya a matsayin mai duka, wadda aka daka kuwa ita ce TCU, wata jami'a da ke birnin Fort Worth a jihar Teksas. Rabon TCU da kofin ƙasa tun 1938, kuma a kakar 2021 wasa 5 ta ci aka ci ta 7, don haka zuwanta wasan ƙarshe ma abin al'ajabi ne. Aka tashi 65 da 7. Wanda aka ci da maki 3 yana kwana yana cewa da an yi kaza da ba a yi kaza ba. Wanda aka ci da tazarar maki 58 ba shi da wani "da" da zai kama, abin da ya rage masa shi ne ya yi wa kansa dariya kafin wani ya yi masa. Ɗalibin namu ya sake turo mana 'yan kaɗan daga na mutanen TCU, kuma kusan dukkansu barkwanci ne. Abin ya zo masu daidai, domin tambarin ƙungiyarsu wata dabba ce da suke kira kwaɗo mai ƙaho, ko da yake a gaskiya jinsin ƙadangare ce, ga shi kuma haikun da ta fi kowace shahara a duniya, wadda Basho ya yi a 1686, a kan kwaɗo da tsohon kududdufi take. Saboda haka kwaɗon TCU ya sha faɗawa ruwa a wannan mako.

Mun nuna wa wani abokin aikinmu waɗannan waƙoƙi a ɗakin malamai, mutum ne mai kishin adabi ƙwarai. Ya karanta, ya ajiye, ya ce, "Haba Malam, wannan ai wasan yara ne. Ka haɗa wanda ya ƙare rayuwarsa a kan baiti da wanda ya rubuta layi uku don an ci su ƙwallo?" Maganarsa akwai ƙamshin gaskiya. A cikin talatin ɗin nan, waɗanda za su iya tsayawa a gaban mai nazari ba su fi huɗu ko biyar ba, sauran lissafi ne kawai ya cika. Amma mun tuna masa abu biyu. Na farko, shi Shiki da ya raɗa wa haiku suna, masoyin wasan besbol ne, wasan nan da ake dukan ƙwallo da sanda. Ya buga shi yana ɗalibi a Tokyo, ya yi masa waƙoƙi, kuma bayan tarin fuka ya kwantar da shi har ya rasu a 1902 yana da shekara 34, Japanawa ba su manta ba, a 2002 suka sa sunansa a zauren tunawa da gwarazan besbol na ƙasarsu. Ashe filin wasa ba baƙon wuri ba ne ga wannan waƙa. Na biyu, ita senryu sunan wani alƙalin gasar waƙa ta ci, Karai Senryu, wanda ya rasu a 1790. Aikinsa shi ne karɓar baitocin da talakawan birnin Edo ke aikowa, 'yan kasuwa da masu sana'a, ya tace ya fitar da na kirki. Yawancin abin da aka aiko masa ya bi iska, amma daga cikin wannan tari aka sami abin da ake karantawa har yau. Sai an tara hatsi a masussuka kafin a sheƙe a ga tsaba.

Akwai kuma wani dalili da ya sa waƙoƙin nan suka taɓa mu, wanda sai malami zai fi gane shi. Ƙungiyar jami'a ba ta dawowa yadda take. Bisa ƙa'idar da aka daɗe ana bi, ɗan wasa kaka huɗu yake bugawa ya wuce. Fitattun 'yan wasan Jojiya biyu, Nick Chubb da Sony Michel, sun sami damar tafiya ƙwallon kuɗi tun bayan shekararsu ta uku, suka zaɓi su dawo su ƙarasa tare da abokansu, kuma wannan dare na Atlanta shi ne wasansu na ƙarshe a rigar jami'ar. In magoya baya suka ce sai baɗi, sun san cewa waɗansu yara ne za su buga baɗin. Mu ma haka muke gani kowace shekara. 'Yan ajin ƙarshe su rubuta jarrabawa, su yi sallama, a share allo, wasu su zauna a kujerunsu. Haiku kuwa tun asalinta waƙar abin da ba ya daɗewa ce, furen da zai kaɗe, ƙanƙarar da za ta narke, shi ya sa ta dace da bakin waɗannan mutane.

Wata shekara an ci makarantarmu a wasan ƙarshe na gasar makarantun yankinmu, da ci ɗaya mai ban haushi, ana saura 'yan mintoci a tashi. Washegari aji ya yi tsit, kowa na hararar mai tsaron gida, shi kuwa ya dunƙule a kujerar baya. Maimakon darasin ranar, sai muka rubuta 5 da 7 da 5 a kan allo, muka yi bayani a taƙaice, muka ce kowa ya rubuta abin da ya gani jiya, da sharaɗin ba zagi, ba kiran sunan kowa. Aka yi ta ƙirga da yatsu ana gogewa. Da aka tattara takardu, ga abin da mai tsaron gidan ya rubuta:

Ƙwallo ya wuce,
ban juya na duba ba,
ihu ya isa.

Muka nemi izininsa muka karanta wa aji. Babu wanda ya yi dariya. Sai can wani daga cikin 'yan baya, wanda shi ya fi kowa ɗaga murya jiya, ya ce, "Malam, ai ni ya wuce kafin ya kai gare shi." Daga nan hira ta ɓarke, aka koma maganar yadda wasan ya gudana, aka bar maganar wa za a ɗora wa laifi. Yaron bai zama mawaƙi ba, kuma ba mu sa ran ya zama ba, amma ya ci gaba da tsaron gida har ya gama makaranta.

Mutanen Jojiya dai haƙurinsu ya biya. Ranar 10 ga Janairu, 2022, a birnin Indianapolis, suka sake haɗuwa da Alabama a wasan ƙarshe suka doke ta da ci 33 da 18, aka kawo ƙarshen jiran shekara 41. Mun tambayi ɗalibin namu ko an yi haiku a wannan karo, ya ce an yi, sai dai shi kansa bai tsaya tarawa ba, yana wajen ƙararrawa. Masu iya magana sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma mu har yanzu takardun 2018 ne a cikin jakarmu.

Daga ƙarshe, muna da roƙo ga 'yan'uwanmu malamai da marubuta masu karanta wannan mujalla. Yaranmu suna faɗuwa jarrabawa, ana cin su a muhawara da kacici-kacici da ƙwallo, kuma abin da muka fi ba su shi ne nasiha, wadda mu ke magana su suna saurare. A gwada ba su layi uku su ma su yi magana. Ba a buƙatar littafi ko kuɗi, allo da yatsu biyar sun wadatar. In kuma editocinmu za su ware ko da rabin shafi ne a kowace fitowa domin irin waɗannan gajerun waƙoƙi na ɗalibai, mun yi alkawarin aiko da na ajinmu a fitowa ta gaba.